Hadi Ba Ya Kuka, Ranka Ya Daɗe

Jama'a, jiya da farar safiya ina layin mai a Gaya riƙe da jarka, kuma ba babur ɗina na je saya wa ba. Injin janareta aka aike ni in sayo wa. Shi kuma injin ba wuta ake nema a wurinsa ba, don inda za a kai shi akwai sola. Ƙararsa ake so. An yi hayarsa ne musamman don ya zo ya fi wata kwamfuta ƙara. Wani mai adaidaita da ke bayana a layi ya tambaye ni ko biki ake yi a garinmu, na tsaya na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni cikin tausayi ko akwai wanda ya rako ni. Wallahi ban ga laifinsa ba, ni ma da nake faɗa ban gama yarda da kaina ba.

Bari in ɗauko muku maganar daga tushe. Garinmu yana nan tsakanin Balan da Gafasa, ba zan kama sunansa ba don ina so in ci gaba da zama a cikinsa. Shekarun baya wata hukuma mai albarka, Hukumar Kai Zamani Karkara, ta gina mana ɗaki, ta shafe shi da fenti, ta sa masa suna Cibiya. Shugabanta, wanda muke kira Ranka-ya-daɗe Babba, ya zo da kansa ya yanka ƙyalle, ya ɗaga hannu sama ya sanar cewa daga ranar babu sauran kuka a yankinmu. Muka yi tafi har hannu ya yi zafi. An jera kwamfutoci reras gwanin sha'awa, sai bayan motoci sun tafi muka gane ɗaya ce kawai mai kayan ciki, sauran gangar jiki ce. Ita ɗayar kuwa, don kada mu sace abinmu, aka yi mata kejin ƙarfe, aka like shi da walda a kan teburin ƙarfe, aka danna kwaɗo, mukulli ya bi Babba birni. Aka ɗauki maƙwabcina Hadi, magidanci mai 'ya'ya, mutumin da ko kaza ta taka shi zai ce ta yi haƙuri, aka ce shi ne mai kula da wurin.

To, ga inda abin ya shafe ni. Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, Gwaggo Asama'u. Mijinta, marigayi Malam Muhammad Bashir, ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa a zauren gidansa, kuma almajiransa manya sun riƙa ɗaukar karatun a kaset. Da aka buɗe Cibiya aka yi shela cewa duk mai kayan tarihi ya kawo a zuba masa a kwamfuta don kada su lalace. Gwaggo ta kwaso kaset ɗin kaf a ƙwarya ta kai. An zuba su kuwa, ba a yi ƙarya ba. Su kaset ɗin aka ce za a kai birni baje koli a dawo da su. Har yau suna can suna baje kolin.

Ita Gwaggo ba karatun take zuwa ji ba, ta ji shi ta katanga har ta haddace. Wuri guda take nema. A tsakiyar wani darasi a kan alwala, Malam ya katse karatu ya ɗaga murya ya ce, "Asama'u! Akuyar nan taki ta shiga geron." Sai dariyar ɗalibai, sai shi ma ya yi dariya, ya yi gyaran murya ya ci gaba. Shi ke nan fa. Amma Gwaggo ta ce duk zamansu Malam bai saba kama sunanta ba, daga "ke" sai "mutanen gida", ranar ce kawai akuya ta sa bakinsa ya suɓuce. Duk Juma'a sai ta yafa mayafi ta tafi Cibiya, Hadi ya sa mata abin saƙalawa a kunne, ta ji an kira ta, ta yi murmushi ta tashi ta koma gida. Duk duniya babu inda muryar nan take sai cikin wannan keji.

Da damina ta wuce kwamfuta ta fara gunji. Gunji ya yi gunji har teburin ƙarfe ya kama rawa, keji yana amsa masa, kofin shayin Hadi yana tafiya da kansa daga wannan gefe zuwa wancan. Muka ce tsufa ne. Da bazara ta shigo sai wani sabon abu ya ƙaru a kai, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera ya samu gyaɗa a rumbu.

Na kira 'yata Afra'u, wadda ke karatun kwamfuta a Kano, na kwaikwayi ƙarar da bakina ta waya. Ta yi dariya da farko, da na kai kan ƙas-ƙas ɗin ta daina. Ta ce a cikin kwamfuta akwai wani ɗan akwati da ake zuba komai a ciki, sunansa hadi-dis, kuma a cikinsa faifai ne ke juyawa da allura a kai, irin na garmahon da. Shi gunjin, in ji ta, mai sauƙi ne. A buɗe a ɗaure notukan da suka saki, a yanko robar tsohuwar taya a sa a ƙarƙashinsa, a sauke kwamfutar daga teburin ƙarfe a ajiye ta a wuri mai ƙwari, a hure ƙurar da ta toshe fanka, a bar iska ta riƙa shiga. In da hali ma a canza shi da sabon samfuri, es-es-di, wanda ba shi da faifai balle ya yi ƙara.

"Amma ƙas-ƙas ɗin nan, Baba," in ji ta, "ba ƙarar da ake ragewa ba ce. Mutuwa zai yi. Ku kashe kwamfutar, kada a sake kunna ta sai ranar da za a kwafe muryar Malam. Kuma don Allah kada wanda ya buge ta ko ya lulluɓe ta."

Na garzaya wurin Hadi na ce ya kashe. Ya ce Barau, rufa min asiri, umarni ne daga sama kada a kashe ta ko da minti guda, domin Hukuma tana sanar wa duniya cewa Cibiyarmu tana aiki dare da rana. Na ce to mu kwafe. Ya nuna min bayan kwamfutar, duk kafofin da ake soka abin kwafa suna cikin keji, ko yatsa ba ya kai musu. Ba shiri na hau babur na nufi ofishin Hukuma.

Wanda na samu shi ne mataimakin Babba, Ranka-ya-daɗe Ƙarami, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, yana cin tsire da rana tsaka. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi abin da ke tafe da ni. Ni kuma da bakina mai kaiƙayi na ce kuka na kawo. Nan take ya ajiye tsinken tsiren.

"Kuka? Daga yankin da aka soke kuka? Kukan wa?"

"Hadi-dis ne yake kuka, ranka ya daɗe. Dare da rana."

"Hadi? Hadinmu na Cibiya?"

Na ce a'a, hadi-dis, na cikin keji. Ashe shi wannan "dis" ɗin ya ɗauka Turanci nake gwadawa, kuma maganar keji ta ƙara tayar masa da hankali, ya ce wa ya ba mu izinin sa ma'aikacin Hukuma a keji. Na yi bayani, na yi da hannu, na kwaikwayi ƙarar, ƙas-ƙas-ƙas, har masinja ya leƙo. Ƙarami ya ce ya fahimta sarai, in tafi, za a ɗauki mataki.

Aka ɗauki matakin kuwa, kuma a nan dole in yaba, ban taɓa ganin hukuma mai sauri irin wannan ba. Kafin mako ya zagayo an kira Hadi birni ya yi bayanin dalilin da ya sa yake kuka a bakin aiki. Bawan Allah ya rantse cewa rabonsa da hawaye tun rasuwar mahaifiyarsa. Aka ɗaga fatar idonsa aka duba, aka ga ja, ya ce hayaƙin mota ne. Aka tambaye shi ko wani ɗan adawa ne ya sa shi, ya ce shi ko katin zaɓensa gara ta cinye. Daga ƙarshe aka yi masa gargaɗi, aka umarce shi ya riƙa murmushi daga buɗe Cibiya har rufewa. Yanzu in ka shiga za ka same shi haƙora a waje, ido ya yi zuru-zuru, yara har sun daina bi ta layin.

Da rahoto ya nuna har yanzu ana jin kuka alhali Hadi yana murmushi, sai aka turo kwamiti. Suka zo a mota mai sanyi, suka kewaye keji, suka sunkuya suka kasa kunne. Wani ya ce gara ce. Wani ya ce a nemo mai ruƙiyya. Wani mai gilashi ya ce a binciki asalin kwamfutar, wataƙila daga mazaɓar da ba ta yi mu ba aka kawo ta. Bayan sun ci kaji sun yi sallah, suka cim ma matsaya cewa abin da ake ji ba kuka ba ne, sautin ci gaba ne, kuma duk wanda ya sake kiransa kuka yana zagon ƙasa. Na ɗaga hannu na ce ranku ya daɗe, ko ma mene ne sunansa, a ara mana mukulli na rabin yini mu kwashe muryar wani mamaci. Ƙarami ya dafa kafaɗata ya ce mukulli yana aljihun Babba, kuma ga albishir, Babba yana nan tafe bikin zagayowar ranar buɗe Cibiya. In ya zo ya tarar da wuri tsit, ransa ya yi fari, to a lokacin sai Gwaggo ta roƙa. In kuwa ya ji wannan sauti na ci gaba, to kowa ya kuka da kansa. Ya faɗi haka, ya dafe baki, ya ce kowa ya yi murmushi da kansa.

Daga nan aikin rage ƙara ya kankama. Aka fara da bargo, a tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Ƙas-ƙas ya ratso bargo. Aka ƙara katifa aka ɗaure da igiya. Ya ratso. Aka jera buhunan gero aka kewaye keji kamar shingen sojoji. Na kira Afra'u na gaya mata, ta ce Baba, dafa shi suke yi. Wani ɗan kwamiti kuma ya gano cewa in ya ɗaga katifa ya ɗirka wa keji duka da tafin hannu, ƙarar takan ɗauke na ɗan lokaci. Nan take aka naɗa shi mai ba da shawara kan fasaha, yana zuwa safe da yamma yana marin kwamfuta.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na gwada tawa dabarar. An hana shiga Cibiya da waya tun ranar da wani ya ɗauki hoton kaza ta yi ƙwai a cikin ɗaya daga kwamfutocin da ba su da ciki. Na cusa tawa a hula na shiga, Hadi ya juya baya yana yi wa bango murmushi, na manna abin kunnen a bakin wayar na danna ɗauka. Da na koma gida na kunna, babu Malam babu akuya, sai ƙas-ƙas da gunji da numfashina.

Juma'ar da ta wuce na raka Gwaggo. Ta zauna a gaban tulin katifa da buhuna, aka zaro mata wayar abin kunne ta wata 'yar kafa. Ina kallon fuskarta. Murmushin ya taso, ya tsaya a hanya. Ta cire abin ta riƙe a cinya ta ce, "Barau, Malam ya fara in'ina. Asa, Asa, Asa, ya kasa ƙarasawa. Bai taɓa in'ina ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, sai na ce ta ƙara haƙuri, Babba ya kusa zuwa.

Da aka ga bargo ya gaza, katifa ta gaza, mari ya daina ci, sai Ƙarami ya kawo shawarar da ta kai ni layin mai. Tunda an kasa rage ƙarar kwamfuta, in ji shi, sai a ƙara ta waje. A samo janareta mafi tsufa a yankin, wanda salansarsa ta fashe, a girke shi a jikin taga. Wanda ya ji janareta ai ba zai ce kuka ba ne, kowa ya san wannan muryar arziki ce.

Haka aka yi jiya. Na dawo daga Gaya da ɗan abin da na samu a gindin jarka, aka ɗura, aka ja igiya. Kai jama'a! Tantabarun garin suka tashi gaba ɗaya, bangon Cibiya ya kama kaɗawa, keji da tebur da buhuna duk suna rawa. Babba ya iso da jerin motoci da 'yan jarida, babbar riga tana sharar ƙasa. Aka janye katifa da buhuna aka tura bayan ɗaki, aka bar bargo ɗaya mai fure a matsayin ado. Ya tsaya ya yi jawabi mai tsawo wanda babu wanda ya ji ko kalma guda, muna kallon bakinsa, in ya rufe mu yi tafi. Gwaggo tana zaune a gaba cikin mayafinta na sallah, ta ƙulle ɗan memori, abin kwafar da Afra'u ta aiko, a haɓar mayafin, tana ta shafa ƙullin.

Ana cikin haka mai ya ƙare. Injin ya yi tari, ya yi shaƙuwa, ya mutu. Ƙarami ya runtse ido, Hadi ya ƙara faɗaɗa murmushi yana zufa. Muka jira ƙas-ƙas. Shiru. Babu gunji, babu ƙas, ko kofin shayi bai motsa ba. Tsit kake ji, har kukan wata tunkiya daga bayan gari muka jiyo, Ƙarami ya yi sauri ya ce atishawa ta yi.

Babba ya waiwaya ya dubi kwamfuta, ya gyaɗa kai, ya ce a duk rangadinsa bai taɓa ganin na'ura mai ladabi irin wannan ba. Aka yi guɗa. Ƙarami ya ga ran maigida ya yi fari, ya cika alkawari, ya gabatar da Gwaggo da buƙatarta. Babba ya sa hannu a aljihu ya zaro mukulli ya ɗaga sama don masu hoto, ya ce a kwafe wa Baba duk abin da take so, kyauta, Hukuma ta talakawa ce. Aka buɗe kwaɗo. Gwaggo ta kwance haɓar mayafi ta miƙa wa Hadi memori da hannu biyu, ta ce kafin a kwafe a sa mata ta ji tukuna.

Hadi ya yaye bargo, zafi ya bugo mu kamar an buɗe tukunya. Allon ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin rubutu a sama. Ya kashe ya kunna. Ya sake. Ya matso kusa da ni, haƙora a waje, ya raɗa min cewa kwamfutar ta ce ba ta ga hadi-dis ba. Gwaggo ba ta ji shi ba, ta riga ta saƙala abin a kunne, ta sunkuyar da kai tana jira. Ta jira. Ɗaki duk ya zuba mata ido.

Babba ya sunkuyo da fara'a ya ce, "Baba, yaya kika ji?"

Ta cire abin a hankali ta ce, "Ban ji komai ba, ranka ya daɗe."

Ya miƙe ya juya wajen 'yan jarida ya buɗe hannuwa. "To, kun ji da kunnenku. Daga bakin talaka."

Tafi ya ɓarke, masu hoto suka yi ta haska Gwaggo. Na zame waje na kira Afra'u, ta ce akwai masu buɗe mataccen hadi-dis a birni, wani lokaci a dace a ceto wani abu, amma sai an ciro shi an kai musu, kuma kada a ƙara jijjiga shi. Na koma da gudu na tarar har an mayar da kwaɗo. Ƙarami ya ce in yi haƙuri, kwamfutar ta zama abin koyi, za a ɗora ta a bayan akori-kura a zagaya da ita mazaɓu don a nuna wa sauran cibiyoyi yadda ake magance ƙara. Kun san hanyoyinmu, ba sai na faɗa muku abin da zai rage a cikinta ba.

Na goya Gwaggo a babur muka kama hanyar gida. Mun ɗan yi nisa sai na ji tana magana a bayana, na ɗauka da ni take, na rage gudu. Ashe sunan kanta take kira, tana kwaikwayon muryar Malam. Tana ƙanƙance murya, tana kauraro ta, tana jan ƙarshen sunan, ta ce a'a ba haka ba, ta sake. Can ta taɓa bayana ta ce, "Barau, ƙarar babur ɗin nan ta hana ni jin ko na yi daidai. Ina tsoron kada ya ɓace min kafin mu isa."

Na kashe babur na sauka, na bar ta a zaune a kai, na tura shi da hannu har ƙofar gida, tana ta gwadawa. Sau ɗaya ta yi kusa, don ni ma da na san muryar Malam sai da tsigar jikina ta tashi. Ta sake nema ba ta samu ba.

In akwai wani daga Hukuma da ke karanta wannan shafi, ina so in kwantar masa da hankali. Gwaggo ba ta yi kuka a hanya ba, ranku ya daɗe, ni ma ban yi ba. Wanda duk ya ce ya gan mu muna share ido, to iska ce, kuma ita iskar ma ba daga yankinmu ta taso ba.